DARASI: YADDA AKE FARA GINA ƊAKIN HAYA



Kaka ta yi. Wani ya sayar da albasa, wani ya sayar da aya ko riɗi ko wake. Wani ɗansa ya aiko masa da kuɗi daga wurin bida. Wata ta kwashi adashi. Kuɗi sun shigo hannu. To, ina za a sa su don kada su narke?

Mun san hanyoyin da muka saba. Akwai sayen dabba, akwai ajiyar hatsi, akwai ƙaramin kasuwanci. Yau za mu yi karatu a kan wata hanya dabam: mutum ya gina ɗaki ɗaya ko biyu, ya ba da haya, ya riƙa karɓar kuɗi kowane wata. Hanya ce mai kyau, amma mutane da yawa sun yi asarar gumin shekaru a cikinta. Abu biyu ke kayar da su: rashin takarda da rashin lissafi. Ku kuwa yanzu kun iya karatu, kun iya lissafi. Sai ku yi aiki da su.

1. WA KE BUKATAR ƊAKIN HAYA?

A ƙaramin ƙauye ba a cika yin haya ba. Kowa yana da gidan ubansa, baƙo kuma ana sauke shi kyauta. Wanda ya gina ɗakin haya a nan, ɗakinsa zai zama ma'ajiyar kara.

Haya tana tafiya ne inda baƙi ke zuwa su daɗe. Ku duba garin da ke da meri, da likita, da koleji, da babbar kasuwa. Gwamnati tana turo malaman lakkwal, da ma'aikatan likita, da ungozoma, da malaman gona, da malaman dabbobi. Yawancinsu ba ƴan garin ba ne. Akwai kuma yaran ƙauyuka da ke karatu a koleji. Akwai ƴan kasuwa masu neman shago ko wurin ajiye kaya.

A manyan garuruwa bukatar ta fi yawa. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, ɗalibai suka ƙaru. A 2011 matatar mai ta Damagaram ta fara aiki. Yamai kuwa kullum cikin karɓar baƙi take. Sai dai a waɗannan garuruwa fili yana da tsada ƙwarai. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da garin da ke kusa da shi, inda ya san mutane, inda zai iya zuwa ya duba kayansa ranar kasuwa.

Kafin ka sayi ko da tubali ɗaya, je ka garin ka yi tambaya uku:

– Ɗakuna nawa ne ke zaune babu kowa a ciki?
– Nawa ake biyan ɗaki ɗaya a wata?
– Mene ne ƴan haya ke kuka da shi?

Tambayi shugaban lakkwal, tambayi babban ma'aikacin likita. Su ne suka san wahalar da sababbin ma'aikata ke sha wajen neman masauki.

2. FILI DA TAKARDARSA

A nan ne aka fi cutar mutane. Wani yana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Wani yana sayar da filin gado da ba a raba ba, bayan ka gama gini sai ƙannensa su taso. Wani fili aro aka ba shi ko jingina, ya sayar kamar nasa. Wani kuma ya nuna maka wuri a kan burtali ko filin da aka keɓe wa lakkwal. Burtali na jama'a ne, ba mai ikon sayar da shi.

Ƙasarmu tana da dokar karkara tun shekarar 1993. Ita ce ta kawo hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. Akwai Kofo ta ƙauye, wadda maigari ke shugabanta, akwai ta komin, akwai ta gunduma. Ta wannan hanya ake samun takardar sayarwa, ta kyauta, ta gado, ta aro, ta haya da ta jingina.

Idan filin yana wurin da ba a yi lotisma ba, ga abin da za ka yi:

– Ka je wurin maigari tare da mai sayarwa.
– A kira maƙwabtan filin na gabas, yamma, kudu da arewa.
– In filin gado ne, magada su halarta, maza da mata, su yarda.
– A auna filin, a kafa alamun iyaka.
– A rubuta takardar sayarwa, shaidu su sa hannu, a kai wa Kofo ta komin ta shigar a littafinta.

Idan kuwa farsel ce ta lotisma, takardarta daga meri take fitowa. Ana kiranta akta sesiyon. A jikinta akwai lambar rukuni da lambar farsel. Kada ka biya kuɗi sai ka je meri da kanka, an buɗe littafi, an tabbatar maka lambar nan da sunan mai sayarwa take. Ka je filin kuma a nuna maka duwatsun iyaka huɗu. Bayan ciniki a juya takardar zuwa sunanka. Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ma'aikatar filaye ta gwamnati ke bayarwa. Tana cin kuɗi da lokaci, amma in gida ya girma ya kamata a neme ta.

Dillali yana da amfani wajen nuna fili, amma shi la'adarsa yake nema. Bakinsa ba takarda ba ne. Karanta takardar da idonka, baƙi bayan baƙi. In da faransanci take, kai wa malamin makarantarku ya karanta maka.

Ƴan uwa mata, wannan magana har da ku. In kuɗin adashinki ne ko na kiwonki, a rubuta sunanki a takardar. Shari'a da doka duka sun yarda mace ta mallaki fili da gida.

3. JE KA GA FILIN DA DAMINA

Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Da damina ake gane na banza. Fili mai araha ƙwarai, sau da yawa tafki ne da ya bushe ko hanyar ruwa ce.

Mun ga abin da ruwa ya yi. A shekarar 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin Yamai na bakin ruwa. A 2024 ruwan sama ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi ta sha wuya ƙwarai, tsohon masallacin Birnin Damagaram ma ya faɗi cikin watan Satumba. Yawancin gidajen da suka faɗi na laka ne.

Saboda haka tambayi tsofaffin unguwa: ina ruwa ke bi in an yi babban ruwa? Duba jikin katangun maƙwabta, ruwa yana barin alama. Kada ka yi gini a bakin gulbi, ko cikin kwari, ko kusa da ramin da aka haƙa laka.

4. MU YI LISSAFI

Ku ɗauki alli da allo. Waɗannan kuɗi misali ne don koyo. Kowa ya sa farashin garinsu a madadinsu. Ku tuna: jika ɗaya tamma 1.000 ce, wato dala 200.

Wani manomin albasa yana so ya gina ɗaki biyu na laka, da rufin kwano da daɓen siminti.

Abin da zai kashe:

Fili: jika 300
Ɗaki biyu: jika 600
Salga, wurin wanka da katanga: jika 250
Takardu: jika 50
Jimla: jika 1.200, wato 1.200.000 F

Abin da zai shigo:

Ɗaki ɗaya a wata: 7.500 F
Ɗaki biyu a wata: 15.000 F
A shekara: 15.000 × 12 = 180.000 F

A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ce sun sami jika 180. Kuskure ne. Akwai abubuwan cirewa.

Na farko, watannin da ɗaki ke zaune babu kowa. Malaman lakkwal suna tafiya bakansi da damina, wani kuma a canza masa wurin aiki. Mu ce wata biyu a shekara: 30.000 F.

Na biyu, gyara. Yaɓe, indararo, kwaɗo, ƙofa, yashe salga. Mu ce 20.000 F.

Na uku, lanho da ƙananan kashe-kashe, kamar kuɗin motar zuwa duba gida. Mu ce 10.000 F.

Abin cirewa: 30.000 + 20.000 + 10.000 = 60.000 F
Abin da ya rage: 180.000 − 60.000 = 120.000 F

Ribarsa ta gaskiya jika 120 ce a shekara, wato jika 10 a wata. Yaushe kuɗinsa za su dawo?

1.200.000 ÷ 120.000 = shekara 10

Kun gani. Ɗakin haya ba ya sa mutum arziki cikin shekara ɗaya. Ragon turka cikin wata huɗu ko biyar an sayar da shi, kuɗi sun dawo. Gida sai an yi haƙuri. Amma gida ba ya cin dusa, ba ya kamuwa da ciwon dabbobi, ɓarawo ba ya kora shi da dare. Bayan shekara goma kuma gidan yana nan, fili ya ƙara daraja in garin yana girma. Ko damina ta yi gardama, kuɗin haya suna shigowa a sayi hatsi.

5. DA WANE KUƊI ZA A FARA?

Ku sake duba lissafin. Jika 120 a kan jika 1.200, kashi 10 ne cikin 100. To, a ce mutumin nan bashi ya ciwo, ana ɗora masa kashi 20 cikin 100 a shekara. Abin da aka ɗora masa kaɗai ya kai jika 240. Gidan yana ba shi jika 120. Daga ina zai cika sauran? Daga rumbunsa. Banda wannan, ga maganar riba da addini ya hana. Bashi mai ruwa ba ya gina ɗakin haya.

Akwai abu uku da ba a taɓawa:

– Gonar da ke ciyar da gida. Wanda ya sayar da gona ya gina ɗaki, jika 10 a wata ba za su ciyar da iyalinsa ba.
– Hatsin ci da iri.
– Shanun huɗa.

A yi gini da abin da ya yi saura, kuma a yi shi daki-daki. Bana fili da takarda. Baɗi a buga tubali da sanyin hunturu, lokacin da tafki ke da ruwa kuma aikin gona ya ƙare. Kai da ƴaƴanka kuna iya buga tubali, kuna iya ɗebo yashi da amalanke, kuɗin gini ya ragu. Sannan a sayi kwano da siminti. A gama ɗaki ɗaya sarai, a sa ɗan haya, kuɗinsa su taimaka wajen na biyu. Ɗaki ɗaya mai rufi ya fi ɗaki huɗu da suka tsaya a taga, domin laka marar rufi damina ɗaya ta ishe ta.

Wajen magini, ku yi ciniki a gaban shaidu. Kada ka ba shi kuɗin aiki duka tun farko. A raba uku: in ya gama tushe, in gini ya kai rufi, in ya gama. Kayan gini ka saye su da kanka, ka rubuta kowane buhun siminti a littafi.

6. GININ DA ƊAN HAYA KE SO

Ni mai rubuta wannan darasi na yi zaman haya lokacin da nake koyarwa. A wani gari na sami ɗaki mai kyau da fenti, amma gidan babu salga. Wata uku na yi na tashi. Na koma wani ɗakin laka marar ado, mai salga da ƙofa mai kwaɗo da inuwar bedi. Can na yi shekara uku, ban taɓa ƙetare wata ban biya ba.

Ga abin da ɗan haya ke dubawa:

– Salga da wurin wanka masu tsabta, masu sutura. A haƙa salga nesa da rijiya, aƙalla metir 30.
– Ruwa kusa, pampo ko rijiya.
– Rufin da ba ya yoyo.
– Ƙofa da taga na ƙarfe masu kullewa.
– Katanga, don iyali su sami sirri.
– Iska da inuwa. Taga biyu masu kallon juna suna rage zafin kwano. Dasa itace tun ranar da ka sayi fili.

A ɗaga tushen gini sama da ƙasa, a yi shi da dutse ko bulon siminti ko da sauran na laka ne. Ruwa daga ƙasa yake fara cin gini. Indararo ya yi tsawo don ruwa ya zuba nesa da bango. In garin yana da kuran, a daidaita tun farko wa zai biya, kuma ta yaya za a raba in ƴan haya biyu ne a kan kwanta ɗaya.

7. TAKARDAR HAYA

Yawancin rigimar mai gida da ɗan haya daga maganar baki take tasowa. Wannan ya ce haka muka yi, wancan ya ce ba haka ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, tana umurnin a rubuta bashi kuma a kafa shaidu. Mu ma mu rubuta. Ga samfuri, ku kwafa a littattafanku:

Ni ………, mai gida, na ba ……… hayar ɗaki ɗaya a unguwar ………, garin ………
Kuɗin haya ……… F ne kowane wata. Za a biya kafin ranar ……… ga wata.
Na karɓi abansi na wata ………
Gyaran rufi, bango da salga na mai gida ne. Abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa, shi zai gyara.
Wanda ke son a rabu zai sanar da ɗan uwansa tun da sauran wata ………
An rubuta ranar ………
Sa hannun mai gida. Sa hannun ɗan haya. Sa hannun shaidu biyu.

A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ranar da ɗan haya zai shiga, ku zagaya ɗakin tare, ku rubuta halin da ƙofa, taga da daɓe suke ciki.

Ka sayi littafi ɗaya na gidan kaɗai. Shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita. Duk wanda ya biya, rubuta masa ƴar takardar shaida da kwanan wata. In ta wayar salula ya turo kuɗin, a rubuta su ma a littafi. Ka je meri ko ma'aikatar lanho ka tambayi abin da ke kan mai ba da haya, ka biya, ka adana takardar.

8. ZAMA DA ƊAN HAYA

Kafin ka ba mutum mabuɗi, san aikinsa, san wanda ya san shi a garin. In ɗan uwanka ne ke son ɗakin, ku faɗi gaskiya tun farko: haya ce ko taimako? In taimako ne, Allah ya ba da lada, amma kada ka sa shi cikin lissafi. In haya ce, a rubuta takarda kamar kowa.

Wani lokaci albashi yana jinkiri. Ɗan haya mai gaskiya, wanda ya saba biya, a yi masa haƙuri, a rubuta bashin. Wanda ya tara watanni yana ɓuya kuwa, kira shaidun nan biyu ku zauna. In bai yiwu ba a je wurin maigari ko sarki. In ya ƙi, sai gaban alƙali. Kada ka cire masa ƙofa, kada ka watsar masa da kaya waje, kada ka kulle ɗaki da kayansa a ciki. Wanda ya yi haka, yana da gaskiya sai ya koma mai laifi.

Kai ma mai gida akwai haƙƙi a kanka. Kada ka shiga ɗakin mutum ba da izninsa ba. Kada ka ƙara kuɗi tsakiyar alkawari don wani ya yi maka tayi. In an ce rufi yana yoyo, gyara da wuri. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka mai ginin laka ya san zai yi yaɓe. Kowace shekara, kafin ruwan farko, hau ka duba kwano da indararo, ka duba gara a jikin katako. Cikin kuɗin kowane wata ware wani abu a gefe don gyara, kada ka jira sai bango ya tsage.

Game da zakka, malamai sun ce ba a fitar da ita a kan gidan kansa. Ana fitar da ita a kan kuɗin hayar da suka taru, in sun kai nisabi kuma sun shekara. Tambayi limaminku ya ƙara maka bayani.

TAMBAYOYI

Ku tattauna da malaminku:

1. A wane gari ne kusa da ku baƙi ke neman ɗakin haya? Su wane ne?
2. Wa ya kamata ya halarta ranar sayen filin gado?
3. Me ya sa ake zuwa ganin fili da damina?
4. Faɗi abu uku da ba a sayarwa don a gina ɗakin haya.
5. Me mai gida zai yi in ɗan haya ya ƙi biya?

LISSAFI

1. Wata mata ta gina ɗaki ɗaya a kan jika 450, har da fili. Ana biyan ta 5.000 F a wata. Ɗakin ya zauna wata 2 babu kowa. Ta kashe 5.000 F wajen yaɓe. Nawa ya rage mata a shekara? Cikin shekara nawa kuɗinta za su dawo?
2. 7.500 F dala nawa ne?
3. Ɗan haya yana biyan 6.000 F a wata. Ya ba da abansi na wata 3. Nawa ya bayar?

AIKIN RUBUTU

Kowa ya kwafi takardar haya da hannunsa, ya cika wuraren da aka bari. Biyu-biyu ku tashi, ɗaya mai gida, ɗaya ɗan haya, ku karanta wa juna da ƙarfi a gaban aji.

Wanda ya taɓa sayen fili ko ba da haya, ya rubuto wa jaridarku abin da ya gani, mai daɗi ko marar daɗi, don ƴan uwa su ƙaru. Ku ba malaminku wasiƙar, zai iso da ita.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma. Amin.